Asusun Zariya

Da la'asar ne, a tsakar gidanmu da ke Koki. Inna, mahaifiyata, tana kwance rub da ciki a tabarma, warin man zafi ya cika ko'ina. Shekara uku ke nan ƙugunta yana ciwo. Likita ya ba ta takarda ta je Zariya ta ga ƙwararre, amma kuɗin mota ya gagara, nata da na mai raka ta. Shi ya sa take jefa ribar soyayyar gyaɗarta a asusun ƙasa da ke ƙarƙashin gado.

Ni kuwa, ina shekara tara, na ƙi cin abinci. Za a yi bikin sauka a islamiyyarmu, duk ƙawayena an saya musu sabon takalmi ban da ni. Na yi ta kuka, har na ce mata, "Ke kullum ciwo, kullum ciwo! Mu ba za a saya mana komai ba?"

Ba ta yi min tsawa ba. Ta dafa bango ta miƙe a hankali, ta jawo asusun, ta fasa shi da taɓarya. Ta ce, "Share hawayenki. Zariya ba guduwa za ta yi ba."

Wallahi tsalle na yi. Ko sannu ban ce mata ba.

Takalmin bai shekara ba ya matse ni. Inna kuwa har Allah Ya karɓi abinSa ba ta je ba. Yanzu aiki yakan kai ni Zariya, nakan sunkuyar da kai idan mota ta shiga gari. Gaskiyarta, tana nan ba ta gudu ba.