Harshen Kamfani

Mai Harshe ya sha faɗa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, cewa in aka ƙara ƙwayar gishiri ɗaya a buhun fulawa zai gane. Ya ce harshensa ne ya gina hawa na biyu na kamfanin. Ba mai musa masa, don duk abin ƙwalamar ledar da ya amince da shi, yara birgima suke yi a kansa a bakin shago, manya kuma su saya da sunan yara.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Masu haɗi za su yi samfuri uku, su sassauya ma'aunin gishiri da sukari da mai, su zuba a fararen ledoji marasa suna, a ɗiga musu ɗigo ɗaya, biyu, uku. Ba wanda ya fi daɗi ake nema ba. Ana neman wanda ciki zai cika amma hannu bai samu labari ba. Da can a ofis yake ɗanɗanawa, amma tun da ya tashi daga wata doguwar mura ya ce ƙarar inji tana firgita harshe. Sai ya tafi gida da ledojin, da safe ya dawo da hukunci. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa kuskure ba.

A gida shaidar haƙuri ake yi masa. Miya ta ƙone ko ta yi lami, zai share kwano bai ce uffan ba. Ƙorafinsa ɗaya ne a duniya, matarsa.

Siririya ya auro ta. Yanzu sai ta huta sau biyu kafin ta gama hawa matakala. In baƙi sun zo yakan ce su tausaya wa kujerar tsakiya, ta ga abin da ya ishe ta. Ya ce ko ledojin aikinsa ba su tsira ba: ya ajiye su a teburin gaban talabijin, ya ja mata kunne, ya fita shan iska, ya dawo ya tarar an yi musu ta'adi. Baƙi su yi dariya, ita ma ta taya su, kanta a ƙasa.

Ta yi rantsuwar dainawa ta fi a ƙirga. Ta gaya wa babbar 'yarsu cewa ba yunwa ba ce, wani lokacin tana ci tana hawaye, kuma abincin tukunya ya daina yi mata daɗi. Ta roƙe shi ya riƙa kulle ledojin a mota. Ya ce shi ba zai yi ɓoyo a gidansa ba, mutum ya koyi riƙe kansa. Ai ga shi nan, tsundum cikin abin, amma kamar sanda.

Sai wani ɗan ƙurji ya fito mata a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Likita ya ce ciwon sukari ne ya yi nisa, ya ba ta gado, ya ce in sukarin bai sauka ba ƙafar za ta tafi daga idon sawu. Aka koma auna mata abinci kamar magani. 'Yar ta tare a gefenta.

A kamfani kuwa sabon samfuri yana jira. Mai Harshe ya nemi mako ɗaya, ya ƙara wani, ya ce damuwa ta hana shi sukuni. Manaja ya jajanta masa sosai, sannan ya ce ranar Litinin, ko hukunci ko makullin ofis.

Ranar Asabar da rana ya shigo ɗakin marasa lafiya da fuskar tausayi. Ya zauna bakin gado ya riƙe hannun matarsa, abin da ita kanta ta manta rabonsa da yi. Matan gadajen kusa suka shiga sa masa albarka. Ya ce ya taho da aikinsa ne don ya yini kusa da ita. Ya jera ledoji uku a kan 'yar durowar gefen gado, ya buɗe bakin kowace wai su sha iska. Ƙamshi ya cika ɗakin. Matar ta juya fuska ga bango.

Ya aiki 'yar ta haɗo masa shayi, ya ce shi ma bari ya nemo likita.

Da ta dawo da kofin, ta hango shi a baranda. Ba likita yake nema ba. Yana tsaye jikin gilashin ƙofa yana leƙen ciki, kuma ba fuskar uwarta yake kallo ba. 'Yar ta daɗe tana kallonsa. Ta juya, ta zubar da shayin, ta haɗo wani.

Ta tarar da hannun uwar cikin leda mai ɗigo biyu. Ta zare shi a hankali, ta kwashe ledojin ta zuba a kwandon shara. Uban ya shigo yana salati, ya ce ko a gadon asibiti kwaɗayi bai bar baiwar Allah nan ba. Fuskarsa dai ta washe.

Ya karɓi kofin ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya lumshe ido don matan ɗakin su ga gwaninta.

"Sukari cokali biyu da rabi," ya ce. "Kin ɗan rage, amma ya yi."

Ya shanye tas. Sai da ya ajiye kofin sannan ta yi magana, a hankali, yadda kowa zai ji.

"Baba, cokali huɗu na gishiri na zuba, ko ƙwayar sukari babu. Shekara nawa ke nan Mama ce take ɗanɗana maka?"