Shaidar Da Ya Shafe

Ƙarya ya yi, kuma da tafin takalminsa ya yi ta.

A filin tanis na jar ƙasa, ƙwallo takan bar shaida inda ta faɗi. Ta ƙarshe a wasan ta sauka a kan layi, wato tana ciki, tsohon kocin ya gan ta da idonsa. Amma kafin alƙalin wasa ya sauko daga kujera, ɗan wasan da kocin ya horar shekara goma sha biyar ya ja ƙafa ya shafe wurin, ya ɗaga yatsa ya ce, "Waje!"

Wanda ya cuta abokin atisayensa ne tun suna yara, kuma gurbi ɗaya ya rage na shiga babbar gasa.

A ɗakin canza kaya ɗan wasan ya tarbi kocin yana washe baki. "Baba, ko barka babu?"

"Barkar me? Ɗaga ƙafarka in gani."

"Haba Baba, ai kowa yana yi."

"Kowa? Mutumin da ya riƙa jefa maka ƙwallo wata shida da kafaɗarka ta goce, shi ma yana yi?"

Kocin ya ajiye masa jakar raket a ƙasa ya fita.

Hukuma ba ta taɓa ɗan wasan ba, tunda babu shaida. Sai dai tanis ba wasan mutum ɗaya ba ne, kuma labari ya zaga. Shekara uku ke nan babu wanda ya yarda ya yi atisaye da shi. Kullum da safe bangon bayan sito yake buga wa ƙwallo.