Lasifikar Kano a Ruwan Duwala

Tunda ka ce za ka sallami wakilinka na ƙasar waje ka riƙa aika kaya da kanka, gyara zama in ba ka labarin wani mai haɗa lasifika a Kano. Mutum ne mai hannu, wannan babu musu. Shi zai yanka katako, ya haɗa akwati da gam, ya jona wayoyi, in ya kunna sai ka ji murya tas kamar mai maganar yana zaune kusa da kai. Kayansa har Duwala suke zuwa, can bakin teku a ƙasar Kamaru, ta hannun wani wakili haifaffen garin, wanda yake sayar wa masallatai da masu kiɗan biki da masu tallan magani a kasuwa. Rabin abin da shagon yake ci daga can yake fitowa. Amma abu ɗaya ya tsaya wa mai lasifika a rai: in kaya suka isa, wakilin ba ya fitar da su kasuwa sai sun kwana biyu a gidansa, sannan ga kasonsa da yake cirewa. Kullum yana ƙunƙuni, wai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ke shaƙar ƙurar katako, wani yana can a inuwa yana cin bulus.

Da ya ga mutane suna ciniki ta waya, sai ya ɗauki bidiyon kayansa ya watsa, ya rage farashi, ya aika wa wakilin saƙon godiya irin wanda kowa ya san sallama ce. Aka yi sa'a lokacin ruwa ya ɗan ɗauke a can, ciniki ya kankama. Masu saye suna kira, shi kuma yana ɗora kaya a mota kai tsaye zuwa hannunsu. Mutumin naka ya fara tafiya yana buɗa hanci, yana ba maƙwabtansa shawarar kasuwanci ba tare da kowa ya tambaye shi ba.

To, ruwan Duwala ba irin namu ba ne da zai zuba ya ɗauke a fito da shanya. Can wuni ake a kwana ana yi, har gishiri jiƙewa yake yi a cikin kwano. Katako ya sha danshi ya kumbura, gam ya saki, akwatuna suka wage baki. Wani ladani ya tashi kiran salla, muryarsa ta fito kamar ta kwaɗo a cikin tulu. Wayar mai lasifika ta hana shi sakat. Ba ya jin Faransanci ko kaɗan, amma faɗa ba ya buƙatar tafinta. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, domin sunansa ne a rubuce a goshin kowane akwati, kuma ya san in sunan ya zube a garin nan ba zai sake tsinto shi ba. Ya rufe shago ya kama hanya.

Da ya sauka bai san ko unguwa ɗaya ba, dole ya nemi gidan wakilin da ya sallama, yana tafe kunya na cin sa. Yana shiga tsakar gida ya ga lasifikunsa jere a ƙarƙashin rumfar kwano. Ashe masu sayen, da suka rasa inda za su kama mai kaya, wurin fuskar da suka sani suka kawo ƙara. Ga wakilin nan a tsugune, ya naɗe hannun riga, yana shafa wa wani akwati fenti mai hana ruwa shiga, ciki da waje, ya ƙara masa ƙusoshi a kusurwa, ya sa masa ƙafafun roba don kada ya zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya tashi ya karɓi baƙonsa da fara'a, ya sa aka kawo abinci, ya ce kayan da ya daɗe yana sayarwa ba zai zuba ido a zage su a garinsu ba. Mai lasifika ya tambaye shi tun yaushe yake wannan aiki, ya ce tun kayan farko da aka aiko masa. Kwana biyun da suke yi a gidansa ke nan.

"To, me ya hana ka faɗa mini, Alhaji?"

"Na faɗa maka mana, Malam. Ka ce ai ruwa ko'ina ana yin sa."

Mai lasifika ya tuna lalle haka ya ce, sai dariya ta ƙwace masa. Ya cire hula ya ajiye, ya karɓi burushi, suka duƙufa tare har suka gyara kayan. Wakilin ya zaga da shi gida gida suna mayarwa, shi yana ba da haƙuri da Hausa, wakilin yana juyawa da harshen garin, ina jin har da ƙarin gishiri, don mutanen da suka zage shi a waya sun rako shi bakin titi. Mai lasifika bai daina tallan waya ba, don ya kawo masa sababbin masu saye, amma duk wanda ya kira daga Duwala sai ya tura shi wurin Alhaji, kuma tun daga ranar bai sake ƙunƙuni a kan kason ba.

Kai ma kafin ka aika taka sallamar, fara zuwa ka ga abin da wakilinka yake yi a tsakar gidansa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.