Fankar da Na Ɗaura da Hannuna

Allurar zafin injin motata ta sake taɓa ja, karo na uku, ga Baba, surukina, a kujerar gaba riƙe da takardar ganin likita.

Na gangara garejin bakin hanya, na ɗaga bonet, na shiga yi wa bakanike bayani kamar ni na ƙera motar. Tsohuwa ce, na yarda, amma lagireto cike yake da ruwa, babu yoyo, fanka kuma sabuwa dal.

"Wa ya ɗaura maka fankar?" in ji shi.

"Ni da kaina, ranar Asabar," na ce, da ƙarfi don Baba ya ji.

Ya ari takardar Baba, ya kara ta a gaban lagireto, fanka na juyawa. "In tana jan iska ciki, takardar za ta manne."

Na sunkuya in gani. Ya saki. Takardar ta taso ta lafe a fuskata.

"Wayoyin ka juya, maigida. Korar iska take yi."

Baba ya cire takardarsa daga hancina, ya ninke ta a hankali.

"Ɗana," ya ce, "fankar ɗakina da ka ce za ka duba gobe, na fasa. Zafin bai dame ni ba."