Sanarwar Malam Jatau

Shekara goma ke nan da doka ta hana faɗin "shi" da "ita" a ofis da kasuwa, kowa ya koma "su". Kubura, mai karɓar sanarwa a gidan rediyo, tana da maɓalli a wuyan riga wanda ke yin ja idan baki ya kuskure. Ja uku, kora ce. Ta riga ta sami biyu.

Ran Talata wani dattijo, Malam Jatau, ya kawo sanarwar rasuwar matarsa.

"Baba, yaya sunansu?"

Ya sunkuyar da kai. "'Yata, shekara arba'in ban taɓa kama sunan nan ba. 'Ita' nake cewa, kowa ya gane. Yanzu in na ce 'su', sai in ji kamar taron mutane na binne."

Kubura ta ajiye biro. Ba ta taɓa jin kalmar "ita" da nauyi haka ba, sai ta so ta ji yadda za ta zauna a bakinta.

"Baba," ta ce a hankali, "wace irin mace ce ita?"

Maɓallin ya yi ja. Ta jawo masa kujera, ya zauna ya fara ba ta labari.