Filashin daga Kumasi

Tunda ka ce jibi za ka tsallaka iyaka, kana kuma tambayata yadda za ka yi da waya kada ta cinye maka guzuri, zauna in ba ka misalin wani mai albasa. Dabarun duk suna cikin labarinsa, don shi ma an faɗa masa su tsaf. Ɗaya kawai ya tsallake.

Mutumin Aliero ne, mai neman na kansa, ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai hannun jarirai gare shi. Ko a gida ba ya kiran mutum, sai filashin: ya danna lamba, ta yi ƙara sau ɗaya, ya katse, wanda ya matsu ya biyo shi da kira. Abokansa har tsokanarsa suke yi, wai katin da ya sa da ƙaramar salla shi ke kai shi babba. Ranar da zai bi motar albasa zuwa Kumasi, fitarsa ta farko ƙasar waje, ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, wadda ciwon numfashi ya kwantar tun damina. Ba ta ce ya sayo mata atamfa ba, ba ta ce goro ba. Cewa ta yi, "Ka dai riƙa bari ina jin muryarka." Ya ce in Allah ya yarda. Da ya fito, ya ja matarsa gefe, don ƙaramar wayarta mai tocila ita kaɗai za ta rage a gidan, ya maimaita mata gargaɗin da ya saba: lambar da ba ta sani ba, balle doguwa mai alamar tarawa a gaba, kada ta ɗauka, kada ta bi ta da kira, 'yan damfara ne masu zuƙe wa mutum kati.

A hanya wani tsohon direba ya ba shi karatun tafiya. Ya ce masa layin gida, in an bar shi a waya a ƙasar mutane, tsada gare shi, wani lokaci ko kai aka kira sai an caje ka, don haka ya cire. Ya sayi layin ƙasar da ya sauka, ya fi araha nesa ba kusa ba. In masauki yana da intanet na kyauta, ya mora. Amma kafin komai, ya kira gida ko na minti ɗaya ne, ya ce ga sabuwar lambarsa. Mai albasa ya ji daɗin karatun nan ƙwarai. Ya cire layinsa, ya naɗe a takarda, ya cusa a aljihun 'yar ciki. Ya sayi layin Gana, har ya daure ya sa kati. Da aka zo kan minti ɗayan nan ne hali ya motsa. Ya tambayi kuɗin kira zuwa Najeriya, aka ce masa bai wuce na kokon safe da ƙosai ba, sai ya ga ai asara ce, tunda ga hanyar da ya saba. Ya yi wa matarsa filashin, ya zauna kan buhu yana jira. Gargaɗin da ya yi da bakinsa kuwa ya tashi daga kansa kamar ba shi ya yi ba.

Haka ya yi ta yi kullum bayan la'asar, kwana goma sha takwas. Shirun da ya ji bai ba shi tsoro ba, haushi ya ba shi. Ya ce a ransa matar nan ta koyi rowa, bari ya ga wanda zai fara gajiya. In tsohuwa ta faɗo masa a rai, sai ya lallashi kansa cewa da da wani abu ai da ya ji. Ta ina zai ji? Layin da duk dangi ke nema yana naɗe a aljihunsa, kowa ya kira sai a ce masa a kashe yake.

Ya dawo da riba mai kyau, da turmin atamfa da ba a roƙe shi ba. Tun daga bakin layinsu ya hango tabarmi a ƙofar gida, an kwana uku da kai mahaifiyarsa makwancinta. Sai da masu gaisuwa suka ragu matarsa ta ba shi labari, ba tare da ta ɗora masa laifi ba, don har lokacin ba ta sani ba. Ta ce kwanakin ƙarshe Inna ba ta yarda a raba ta da wayar, a hannunta take kwana. Ranar da za ta cika, bayan la'asar, wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Tsohuwa ta buɗe ido ta ce, "Ko shi ne?" Matar ta duba, ta ce, "A'a Inna, 'yan damfaran nan ne da suka dame mu. Shi da kansa ya hana a kula su."

Mai albasa ya sa hannu a aljihu. Ya zaro wayarsa ya duba, layin Gana na ciki, katin da ya sa yana nan cif bai taɓa ko kwabo ba, kuma a nan gida ba shi da abin da zai yi da shi. Na san mutumin. Yau shi ne mai kiran mutane ya daɗe yana gaisuwa har a gaji da shi, amma wadda ta roƙi muryar ba ta nan, kuma wannan baƙin cikin da shi zai tafi kabari.

Don haka ka cire layinka, ka sayi na can, ka nemi araha iyakar iyawarka, ba wanda zai ga laifinka. Amma minti ɗayan nan ka biya shi tun ranar da ka sauka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira akan rasa ido.