Garayar da Ganga ta Danne

Tunda ka ce ganga da garaya sun hana juna sakat a waƙar da kake haɗawa, ɗage hannunka daga na'urar nan tukuna, ka ji abin da ya sami wani abokin sana'armu.

Mai haɗa sauti ne a wani sutudiyo, ubansa kuwa tsohon makaɗin garaya ne wanda hannu ya fara yi wa rawa. Ɗan ya yi ta lallashi har tsohon ya yarda a ɗauki kiɗansa. Aka sa masa abin ji a kunne, gangar kwamfuta na bugawa, shi kuma yana bin ta da garaya. Da aka zo haɗawa, sai kaurin sautin gangar da kaurin sautin garayar suka cakuɗe, ba wanda ake ji sarai. Magani biyu ne a gabansa, kuma duk ya san su. Ko dai ya sa rariya, duk sanda ganga ta sauka a tace ɗan kaurin nan na ƙasa kaɗai daga garayar, a bar zaƙin tsirkiya da kartar hannun tsoho yadda suke. Sai dai wannan aiki ne na zama da kasa kunne. Ko kuwa ya sa matsi, ganga na sauka a danne garayar ɗungurungum, ba ta ɗagowa sai bugun ya wuce. Mutumin naka ɗan gaggawa ne, ga shi yana son gangar da za ta girgiza lasifika a wurin biki, don haka ya murɗa matsi har ƙarshe. Tsohon ya saurara, ya karkata kai, ya ce, "Wa ke shaƙe ta?" Ɗan ya yi dariya ya ce, "Baba, haka ake yayi yanzu." Tsohon ya rataya garayarsa ya tafi gida. Ɗan ya narkar da sautukan wuri guda, ya goge ɗanyen ɗaukan garayar na asali saboda kwamfuta ta cika, wai ai Baba na nan, in ta kama a sake.

Kafin damina ta zagayo Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Bayan an share makoki, ɗan ya kunna waƙar, ba don komai ba sai don ya ji hannun ubansa. A nan ya gane ɓarnar da ya yi. Gwanin makaɗi ba ya saɓa wa ganga; inda ta sauka, nan yake sauke bugunsa mafi daɗi, kuma daidai nan ɗin aka danne. Garayar ta ɗago kamar za ta yi magana, ganga ta toshe mata baki, haka har ƙarshen waƙar. Ya ƙara murya, gangar ta ƙaru tare da ita. Ya rage, duka suka tafi. Abin da ya fi cin ransa shi ne ranar da mahaifiyarsa ta ce ya kawo mata a waya ta ji. Ta zauna a tabarma cikin kayan takaba, ta riƙe wayar a kunne har waƙar ta ƙare, sannan ta miƙa masa ta ce, "Ganga kam na ji ta. Ina mahaifin naka?" Ya fita zaure ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko a maƙabarta.

To ka ji. Ɗan kaurin nan ne kaɗai ke rigima da ganga, sauran garayar ba ta yi laifin komai ba. Nemo shi ka tace, ka bar mai kiɗa da kiɗansa, kada a ce da kai abin da Hausawa suka riga suka faɗa: garin neman gira, an rasa ido.